Bulon da Nima ta ara

Ɗan ƙanwata ne ya tayar min da wannan tsohon ciwo. Ranar nan muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, yana nuna min wani abu a wayarsa wai shi ke tsara masa kuɗi: ga na abinci da launin kore, ga na mota da launin ja, ga na ajiya can ƙasa kamar wutsiya. Yana cikin yi min bayani sai wayar ta yi ƙarar nan da duk unguwarmu ta Nima ta sani, ƙarar shigowar momo, kuɗin da ake turowa ta waya. Duk waɗanda ke kan bencin suka juyo lokaci guda. Kafin a kira magariba wani ya tuna matarsa na asibiti, wani ya tuna kuɗin makarantar 'yarsa, ƙanin ubansa kuma ya bugo daga Tamale kamar ya jiyo ƙarar daga can. Yaron ya dawo ya zauna yana kallon koren nan da jan nan, ya ce, "Kawu, ni fa ban san inda kuɗi ke zuwa ba." Na ce ni na sani, ga su can sun shiga masallaci suna gyara sahu.

Na zauna a Legas, na zauna a Abijan, na yi dako a Agadas, na sayar da agogo a Kano, kuma ban ga inda tara kuɗi ke da wuya kamar gida ba. Ba don mu mutanen Zongo mun fi kowa ɓarna ba ne. Abin da ke cin mu guda biyu ne, kuma duk biyun abin kirki ne, shi ya sa abin ke ba ni haushi. Na farko, ba a hana ɗan'uwa in ya zo da matsala. Na biyu, ba a rantsewa da Allah a kan ƙarya. To haɗa su ka gani. Mutum ya zo, ya gaishe ka, ya tambayi lafiyar kowa har akuya, sannan ya sauke murya. In akwai a aljihunka, ya tafi ke nan. Iyayenmu sun san wannan, kuma ba su yi faɗa da shi ba. Dabara suka yi masa. Yaran yanzu suna da launi bakwai a waya, ba su da dabarar.

Gwaggona ce ta rene ni, yayar ubana. Wake da shinkafa take sayarwa a bakin lungunmu, irin wanda ake dafawa da karan dafi har ya yi ja. Tun kafin gari ya waye za ka ji gidan ya fara motsi: bokiti na karo da bokiti a bakin famfo, tsintsiya na shara, ƙananan masallatai na kiran salla kowa da lokacinsa kamar ba rana ɗaya suke kallo ba, wata tana daka, wani yana tari a banɗaki don a san da mutum ciki tunda ƙofar ba ta da sakata. Aikina shi ne hura gawayi, da tsince tsakuwa a wake, da kankare gindin tukunya da toka har hannu ya yi fari. Yau gas ne, ka murɗa ya kama, yaro ba ya ma sanin wuta na da hali. Bayan ta tashi daga kasuwa, Gwaggo za ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta juyar da baya ga ƙofa, ta zube kuɗin ranar. Ba ta iya karatu ba, bakin zanenta ne lissafinta. Ƙulli ɗaya na shinkafa da gawayin gobe. Ƙulli ɗaya na haya. Ƙulli ɗaya na mutane, wato suna da aure da rasuwa da wanda zai zo ya sauke murya. Abin da ya rage ba ta ƙulla shi. Mayafi take ɗauka ta fita da shi a tafin hannu, ko ruwa ba ta tsayawa sha. Ta kan ce min, "Kada ka bar shi ya kwana a ɗaki. Gobe da safe wani zai zo da matsala, kuma matsalar gaskiya ce, ba ƙarya zai maka ba."

Inda take zuwa shi ne wurin wani mai buga bulo a can gefen Maamobi, ɗan ƙabilar Ewe, kowa na ce masa Efo. Filinsa cike yake da tarin bulo jere-jere, kowane tari da ɗigon fenti a jikinsa. Shuɗin ɗigo na Gwaggo ne. Ka ba shi kuɗin bulo biyu, ya buga biyu ya ɗora a tarinka. Ka ba shi na ɗaya da rabi, ya ce rabin na nan sai gobe. Abu ɗaya ne Efo ba ya yi, ba ya mayar da kuɗi. Na taɓa ganin wani ya zo yana roƙo har da hawaye, Efo yana ta dama yashi ko kai bai ɗaga ba, ya ce da 'yar Hausarsa, "Kuɗi ya zama siminti. Siminti ya bushe. Kana so, ɗauki bulo kai asibiti." Kuma ga sidi, kuɗin ƙasarmu, kullum tana ramewa, abin da ya sayi buhu bara bana rabi yake saye, amma bulo yadda ka bar shi haka za ka same shi. To in ɗan'uwa ya zo wa Gwaggo, sai ta kwance ƙullin mutane ta ba shi abin da ke ciki da fara'a, sannan ta miƙe ta kakkaɓe zane a gabansa ta ce, "Wallahi abin da ke hannuna ke nan." Kuma gaskiya ta faɗa. Shi ya tafi da wani abu, ita ba ta yi ƙarya ba, zumunci bai ji ciwo ba. Da haka ta gina ɗakuna biyu a garinsu ba tare da kowa ya taɓa ganin ta da kuɗi ba.

Da na tasa na zama karen mota, meti muke cewa, a tirotiro, ƙaramar bas ta haya, mai bin Nima zuwa Circle. Ina rataye a ƙofa ina kiran fasinja har murya ta dushe, da yamma direba ya ba ni nawa. Gwaggo ta kai ni wurin Efo da kanta, aka ba ni jan ɗigo. Tun ina jin zafin abin, don abokaina na sayen takalmi da kaset ni ina sayen ƙasa da siminti, har na fara jin daɗi. Nakan sauka a Maamobi da gangan in tsaya ina kallon tarina yana tashi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya wuce kaina, aka fara na biyu. Duk Nima ba wanda ya sani. A wurin zamanmu na samari talaka ake ɗauka ta, har shayi ake saya min.

Sai ga 'yar mai koko. Uwarta ƙawar Gwaggo ce, suna sayarwa kusa da juna, ita kuma yarinyar ita ke zuba kokon da ƙosai. Ban taɓa son koko ba a rayuwata, amma na sha shi har direbana ya fara tambaya ko ciki ne da ni. Ubanta mahauci ne, mutum mai magana a hankali kamar yana auna nama. Da manya suka je nema min aurenta, abu ɗaya ya ce: "Ba na tambayar mota, ba na tambayar akwati goma. Ɗaki. Ɗaki mai ƙofar da za ta rufe." Lokacin mu shida ne a ɗakin samari, in ka juya sai ka nemi izini. Gwaggo ta je ta durƙusa wa Baba mai gida, wanda muke haya a gidansa, ya ce akwai wurin nan bayan banɗaki inda ake zubar da toka, in na iya tayar da bango kafin babbar salla nawa ne, haya kaɗan zan riƙa biya. Amma ya faɗa mana gaskiya, wani tela ma ya nemi wurin zai kafa shagon katako, kuma shi da kuɗinsa a hannu. In salla ta zo ba bango, tela ne.

Bulo kam ina da shi, har da ragi. Abin da ba ni da shi shi ne kuɗin siminti da kwano da magini, kuma wannan sai na ƙara wata uku ina tarawa. Shirin Gwaggo shi ne bulon ya zauna wurin Efo har safiyar da magini zai zo da awonsa, a kwaso a ɗora a ranar. To a nan ne direbana ya ce ran Lahadi motar ba ta aiki, a cire kujeru a kwaso min kyauta. Ku faɗa min tsakani da Allah, wa zai ƙi kyautar mota? Kuɗin ɗauko bulo daga Maamobi ba wasa ba ne. Har yau in na lissafa, ta wannan gefen ni ke da gaskiya. Ta ɗaya gefen kuma, ina so telan nan ya gani ya cire rai, kuma hanyar famfo ta bayan banɗakin take bi, inda wata ke wucewa da bokiti safe da yamma.

Gwaggo tana tankaɗe gari na faɗa mata. Ba ta ɗago ba.

"Za ka kawo shi nan."

"Eh, Gwaggo. Kyauta ne fa."

"Nan gidan. Inda mutane ke da ido."

"Bulo ne, ba kuɗi ba. Ke kika ce ba a aron bulo."

"Na ce ba a aron bulon da ke Maamobi."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuma na ɗauka tsufa ne.

Ranar Lahadin an yi kallo. Yara na ta ihu, mata sun fito da ludayi a hannu, abokaina da ke saya min shayi suka tsaya suna kallona kamar na ci amanarsu. Muka jera bulon nan tsaf, jan ɗigo na kallon waje. Da yamma 'yar mai kokon ta wuce da bokiti, ta rage tafiya, ta ce, "Ashe kai mugu ne." Daɗin wannan maganar ya kai ni kwana biyu. A na uku matar Baba mai gida ta aiko.

Suna za a yi a gidan 'yarta, ana son bulo tara a yi murhun manyan tukwane, da an sauke za a dawo da su. Matar mai gida fa. Wurin da zan yi ginin na mijinta ne. Na ce a ɗauka, har na taya. Bayan ita sai liman na ƙaramin masallacinmu, wurin alwala na taruwar ruwa, tsofaffi na zamewa, 'yan kaɗan yake so a jera a taka. Wa zai hana masallaci? Sai makanikin bakin titi, zai ɗaga mota ya cire taya, yanzun nan zai dawo da su. Sai masu dara suka gano bulo ya fi benci daɗin zama tunda ba a faɗa a kansa. Sai mai wanki, sai mai kaji da ke son ɗaga keji saboda ɓera, sai wata da ban taɓa gani ba wadda ta ce ita ce ta yi wa uwata wankan jego. Kowa da sallama yake zuwa, kowa da kalmar nan, aro. Ba wanda ya sata, ina so a rubuta wannan, mutanen Nima ba su sace min ko ɗaya ba. Gaishe ni suka yi har na tsiyace.

Na sayo tampol na rufe, na ɗaure da igiya. Aka yi rasuwa a lungu na gaba, aka zo aron tampol ɗin don masu zaman makoki, igiyar kuma ta bi shi. Wata rana wani dattijo ya tsaya yana gaishe ni yana kallon tarin ta gefen ido, na buɗe baki zan yi irin ta Gwaggo, sai na ga ba abin da zan kakkaɓe. Ga su nan tsaye sun fi ni tsawo. Gwaggo na daga bakin murhu tana fifita wuta, ta ce, "Rantse mana, ɗana. Ce wallahi babu." Dattijon ya yi dariya, ya tafi da huɗu.

Duk da haka da an tsira, don abin da ya rage zai iya tayar da ɗaki in an matse. Sai ruwa ya zo. Wanda bai zauna kusa da babbar kwatar Nima ba ba zai gane ba. Da hantsi aka fara, ina gida ranar don motar na wurin gyara. Kafin azahar kwatar ta cika ta fara amayar da duk abin da aka zuba mata shekara guda, ruwa baƙi ya biyo lungu yana shiga ɗakuna ba sallama. Ka ji mata na kiran sunayen yara, tukwane na yawo, akuya a kan teburin mai shayi. Sai na ga mutane na gudu ta bayan banɗaki, kowa na fitowa da bulo biyu a kafaɗa. Gado ake ɗagawa, da buhun shinkafa, da akwatin kaya. Wannan karon ba wanda ya ce aro, ba lokaci. Kuma me zan ce? Ni kaina na kwasa na ɗaga gadon Gwaggo, na kwasa na kai ɗakin wata tsohuwa makauniya da ke zaune a kan katifa ruwa na lasar ta tana ta salati. Ina fitowa na ci karo da telan nan, abokin takarata, rungume da bulona mai jan ɗigo zai je ya ɗaga keken ɗinkinsa. Ya ce, "Cale, abokina, Allah ya saka." Na matsa masa ya wuce.

Ruwa ya janye, rana ta fito, aka shanya katifu a kan kwano. Na jira kwana biyu saboda kunya, sannan na ari baro na fara bi gida-gida. Wannan yawon ne ya koya min mutanena fiye da duk ƙasashen da na je daga baya.

Gidan farko matar ta kai ni har ɗaki ta ɗaga labule. Mijinta na kwance a gadon, shanyewar jiki gare shi. Ta ce, "Ga su nan, ɗana. Zo ka ɗaga shi ka cire." Na gaishe shi na fito. Gida na biyu aka ce ai damina ba ta wuce ba, in sun sauke gado ruwa ya dawo fa, ni zan zo in sake ɗagawa? Na uku mutumin har ya riga ya sa siminti ya yi dakali a ƙofar ɗakinsa, ya ce in nuna masa jan ɗigon. Na ce yana ciki, ka shafe shi. Ya ce to ka gani. Makaniki ya ce nasa sun farfashe, ba su da ƙarfi, in gaya wa mai buga min ya riƙa ƙara siminti. Liman ya riƙe hannuna a gaban jama'a ya ce duk wanda ya taka bulon nan ya yi alwala ina da lada, Allah ya gina min gida a aljanna. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, a raina ina cewa ni dai a bayan banɗaki na nema. Tsohuwa makauniya kuwa ban ma shiga ba. Na dawo da baro da 'yan guntaye a ciki, mai baron ya ce tayarsa ta sace, in gyara.

Yanzu in na ba yara wannan labari sai su ce ai laifin bulo ne, da banki na kai. Su da bankinsu ke cikin aljihu yana ƙara a gaban mutane. Filin Efo ma babu shi, bene aka yi a wurin, ƙasansa shagunan waya. Da, tsakanin kuɗinka da mai roƙo akwai tafiya, akwai rana, akwai wani mutumin Ewe da ba ya jin kuka. Yanzu babban yatsa ne kawai. Ka ce babu, a ce nuna min, kuma a miƙo hannu a karɓi wayar kamar abin wasa. Mutanen ba su canza ba, matsalolinsu har yau na gaskiya ne, ni ma na sha zuwa na sauke murya a ƙofar wani. Abin da ya ɓace shi ne wurin da mutum zai kai abinsa ya dawo hannu wofi da gaskiyarsa. Ni tun daga lokacin duk garin da na sauka, kafin in nemi masallaci ma nakan nemi nawa Efon, wani mai taurin kai da ke nesa da inda nake kwana. A Abijan wata mai sayar da kwanon rufi ce, a Kano wani mai katako. Ban taɓa yin arziki ba, amma ban sake tara abu inda ake gaishe ni ba.

Magini ya zo saura kwana kaɗan salla, ya zagaya abin da ya rage, ya taɓa da ƙafa, ya ce zai kai gwiwa in ba a yi taga ba. Kuɗin siminti da kwano na hannuna, in na mayar da su bulo ba abin ɗorawa, in na bar su ba abin da za a ɗora. Gwaggo ta riga ta kwashe nata shuɗin zuwa garinsu tun bara. Baba mai gida ya kira ni bayan an sauko idi, ya ba ni nama da hannunsa, ya ce ya ji duk abin da na yi wa unguwa ranar ruwa, amma magana magana ce, ya riga ya faɗa wa tela. Ban tuna masa da tara na matarsa ba. Sati bai cika ba aka fara buga katako a bayan banɗaki, kuma don kada ruwa ya ci katakon, sai da aka ɗora shagon a kan bulo. Ban je na duba ɗigon ba.

Mahaucin bai yi min wulaƙanci ba. Ya ƙara min har wata sallar. Amma ɗaki a Nima ba ya jiran mutum, haya kuma sai ka biya ta shekara biyu gaba ɗaya, ni kuwa yanzu kowa ya san ni mai tarawa ne, ba a saya min shayi, ni ake jira in saya. Abin da na tara na siminti ya bi ta ƙofar da bulo ya bi, da sallama da gaisuwa. Wata safiya tana zuba min koko ba ta kalle ni ba, ta ce, "Kai me ya sa ba ka iya cewa a'a?"

Na ce, "Wa zan ce wa? Gadon mamanki ma a kan nawa yake."

Ta yi dariya, sannan ta daina. "Na sani. Kullum ina ganin jan abin in ina shara." Ta ƙara min ƙosai biyu da ban biya ba. "Ni fa ba zan tsufa a bakin tukunyar nan ba. Ka ji na faɗa maka da bakina, kada ka ji a wurin wani."

Wanda aka ba ita wani mai sayar da kayan mota ne a Abossey Okai, yana da ɗaki da falo a Sabon Zongo, ƙofa har biyu. Mutumin kirki ne, na bincika da kyau ina neman aibinsa ban samu ba, abin ya ƙara min haushi.

Ana saura kwana biyu biki uwarta ta shigo gidanmu. Ta gaishe da Gwaggo, suka taɓa hira, sannan ta juyo wurina tana murza bakin mayafi. 'Yan bulon da suka rage na jingine a bangon ɗakin Gwaggo. Ta ce manyan tukwane za a ɗora, kuma duk lungun an rasa abin murhu, kowa nasa na ƙarƙashin gado. Aro ne, da an sauke za a dawo da su. Na kalli Gwaggo, a zatona yau dai za ta tsaya min. Ta ce, "Ba ta. Kuma kai za ka kai, kada ka bar babbar mace da ɗaukar kaya." Na kai su bibbiyu a kafaɗa, na jera musu uku-uku yadda tukunya za ta zauna daidai, don na riga na ƙware. Kwana biyu hayaƙin na shigo mana ɗaki.

Washegarin kai amarya ina zaune ina ɗaure jakata, don na riga na yi magana da wani direban Legas a tashar Tudu, sai na ji ƙarar baro a tsakar gida. 'Yan'uwan amaryar ne maza. Suka sauke bulon nan ɗaya bayan ɗaya a inda suka gan su, sun yi baƙi ƙirin, wuta ta tsattsaga su, ko kejin kaji ba za su ɗauka ba. Ba ko ɗaya da ya ɓace. A kan na ƙarshe suka ɗora kwano a rufe, suka ce in ji babansu, a gode. Duk Nima, su kaɗai ne suka taɓa dawo min da abin da suka ara.

Gwaggo ta buɗe kwanon. Shinkafa ce, nama ya rufe ta, irin yankan da mahauci ke ajiye wa kansa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ka gani ko. Mutanen amana. Da ka yi surukai."

Ta tura min kwanon, ta miƙo ruwan wanke hannu. Na zauna a kan ɗaya daga cikin bulon, wandona ya kwashi baƙi, na cinye tas.